Ranar da Na Yi wa Limaminmu Ruƙiyya

Ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗina ta farko a wani kamfanin jima da ke Challawa. Kawuna ne ya samo mini aiki a sito, bayan ya cika manaja da labarin cewa na iya Turanci sosai (ni na faɗa wa Kawu haka, shi kuma bawan Allah ya yarda).

Ranar Juma'a da yamma manajan, Alhaji Nura, ya kira ni. Yana tare da wasu baƙi, don haka da Turanci ya yi maganar. Ya ce gobe hutu ne, amma in zo da safe in buɗe tsohon siton baya, "skeleton staff" za su same ni a can. Na ce "Yes sir," har da murmushi.

To ni dai na san skeleton. Ƙwarangwal ne, na zana shi a sakandare. Kuma tun ranar da na kama aiki mai shayin bakin ƙofa ya ba ni labarin wani ma'aikaci da aka ce ya faɗa ramin jiƙa fata shekarun baya, ba a tsamo komai ba sai ƙashi. Da na tambayi manajan abin da yake nufi, da an wuce wurin. Amma ina girman kai zai bar ni?

Washegari na tafi da gorar ruwan tofi a aljihu. Rana ta fito sarai a waje, amma cikin ginin duhu ne. Duk injuna a kashe. Fatu na rataye layi-layi, suna ɗan lilo ba tare da na ji iska ba. Wani wuri ruwa na ɗiga, ɗis, ɗis, ga warin nan mai kama maƙogwaro. Na yi sallama, muryata ce kawai ta dawo mini.

Ina kokawa da kwaɗon ƙofar siton sai na ji jan ƙafa a bayana. A hankali, ba gaggawa. Na waiwaya. Su uku ne suka ɓullo ta tsakanin fatun, fari fat tun daga kai har ƙafa, ba baki ba hanci, sai idanu. Na gaban dogo ne siriri. Ya miƙo hannu, ya ce da wata murya kamar daga cikin rijiya, "Kai ne mai makullin?"

Ban san lokacin da na haye tarin fatu ba. Na ɓalle gorar na sheƙa masa ruwan a fuska, ina karanta Falaƙi da iya ƙarfina. A tsakiya har na tsaya na ce, "Wallahi jiya-jiya na zo, ba ni na tura ka ramin ba!"

Dogon ya sa hannu ya cire takunkumin fuskarsa. Malam Sabo ne, dattijon da ke jan mu sallar Azahar. Buhunan farar ƙasa suka sauke, ita ta yi musu wanka. Ya share ruwan daga gemunsa, ya dube ni a natse.

"Ɗana," ya ce, "ka tsallake aya ɗaya."

A bayansu kuwa Alhaji Nura ne tsaye da baƙin jiya, ya kawo su zagaya. Bai yi dariya ba (da ya yi, da ya fi mini sauƙi). Da Hausa ya yi mini bayani, a hankali kamar mai lallashin maras lafiya, cewa "skeleton staff" na nufin 'yan ma'aikata kaɗan da ake bari ranar hutu don kada aiki ya tsaya. Sannan ya ce in sauko, ina ɓata fatun mutane.

Ba a kore ni ba, Malam Sabo ne ya roƙa mini. Abin da na koya shi ne, sanin kalma ɗaya-ɗaya ba shi ne jin Turanci ba, kuma kunyar tambaya minti guda take yi. Tawa kunyar ta rashin tambaya kuwa ta kai shekara huɗu, don har yau in aka ji ɓera ya yi motsi a sito, ni ake aikowa a kira in zo in yi ruƙiyya.