Yadda Za Ka Kori Baƙin Ubanka Cikin Alhamis Uku

Wannan bayani don tsohon sojan ruwa ne da ya ajiye kaki, ya dawo gida, ya gaji masauki. In kai ne, zauna ka karanta. Matakai bakwai ne. In ka bi su yadda na jera, na ba ka tabbaci kafin kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ta ci sau uku gidanka zai yi tsit, ba baƙo, ba akuyar baƙo. An gwada, an gani. Ɗan ƙanena ne ya gwada, Ɗalha, wanda yanzu ake kira Kwamanda.

Ubansa, marigayi Cindo, ya shekara arba'in yana sauke fataken shanu daga Nijar. Babban baƙonsa Alhaji Mati ne, madugun mutanen Dungas. Inda Alhaji Mati ya shimfiɗa buzunsa, nan fatake talatin suke sauka. Ranar da ya naɗe buzun nan, gidan Cindo ya mutu. Ɗalha ya san haka. Yana kuma son gidan ubansa ya ɗore, shi ya sa ya zo da gyara. A kan gyaran nan za ka ɗauki darasi.

Mataki na ɗaya: Ka tayar da zaure

Zaure wurin ɓata lokaci ne. Mutum ya shigo, ya miƙe ƙafa, a tambayi hanya, a tambayi shanu, a tambayi damina, rabin yini ya tafi. A jirgin ruwa ba a haka. Ka kwashe tabarmi. Ka shafa farin fenti. Ka kafa tebur a bakin ƙofa, ka zauna a bayansa, baƙo yana tsaye.

Ɗalha ya yi duk wannan, ya ƙara da allo a bisa ƙofa: Masaukin Teku. Ranar Laraba da fatake suka fara isowa, Sha'aibu, wanda tun yana saurayi gidan yake sauka, ya tsaya aka karanta masa allon.

Ya ce, "Kwamanda, ina tekun?"

"Suna ne kawai."

"To, madalla. Na ɗauka an kawo ta ne ba mu ji labari ba."

Mataki na biyu: Ka sa wa tanki kwaɗo

Rijiyarmu gaba arba'in ce, amma Cindo bai taɓa auna wa baƙo ruwa ba. Randa tana bakin ƙofa, moɗa tana kai. Ɗansa ya shekara ashirin da biyu a kan ruwa, abin da ya koyo shi ne rowar ruwa. Ya ce a teku kowa da ma'auninsa, domin wanda ke kewaye da su gishiri ne.

Saboda haka bokiti ɗaya ga kowane mutum, safe zuwa safe. Sha, wanka, alwala, duk a ciki. Mabuɗi a wuyanka.

Sha'aibu ya kwana biyu yana bin bayan shanu. Ya dubi bokitin, ya dubi Ɗalha.

"Wannan nawa ne ko na butata?"

"Naka ne. An auna, ya ishi mutum ɗaya."

"Wanda ya auna ɗin, ya taɓa koro shanu daga Magarya da azahar?"

Kada ka ba da amsa. Mutumin da ya sha ruwa ya ƙoshi, surutu yake yi.

Mataki na uku: Ka ciyar da baƙo da ƙararrawa

Bafatake ba ya cin abinci sai ciniki ya faɗa, ciniki kuwa ba ya duba agogo. Wannan rashin tarbiyya ne. Ka rataya ƙararrawa. Ƙarfe ɗaya a buga, ɗaya da rabi a kwashe kwanuka. Wanda yake kara, kasuwar shanu, a lokacin yana riƙe da hannun dillali, ya ci cinikinsa.

Abin da za ka dafa kuma, kifi. Ɗalha har Haɗejiya ya aika aka kawo. Mutanen da suka tashi a kan fura da nono da tuwon gero, aka ajiye musu farfesun kifi da cokali. Uku kaɗai suka samu ƙararrawar. Ɗaya ƙaya ta tsaya masa a maƙogwaro, sai da aka dama masa fura a maƙwabta ta wuce. Bai dawo ba. A maƙwabtan ya kwana.

Alhamis ta farko ke nan. Mutum tara suka bar gidan.

Mataki na huɗu: Ka ɗora yaro a kan babba

Ka kira maƙerin Gumel ya yi maka gadon ƙarfe mai hawa biyu, irin na jirgi. Ka rarraba da lamba, kada ka duba furfura. Mai ƙafa ya hau sama, mai ciwon gwiwa ya kwanta ƙasa.

Da haka Sha'aibu ya samu sama, kawunsa ya samu ƙasa. Sha'aibu ya ce ko za a yanka shi ba zai kwana a kan kawunsa ba. Kawun ya ce shi kuma ba zai hau gado ɗan 'yar'uwarsa yana ƙasa ba tabarma ba. Duk ɗakin haka aka yi. Suka shimfiɗa rawunansu a siminti.

Da hantsi Ɗalha ya busa usur, ya shiga duba ɗakuna, hannu a baya. Ya tarar da gadaje a gyare, bargo a ninke, ko lanƙwasa babu. Ya fito yana murna, ya ce da ni, "Bappa, ka gani? Sati biyu kawai, sun koyi gyaran gado."

Alhamis ta biyu, wasu goma sha ɗaya suka bar gidan.

Mataki na biyar: Kada ka saurari kowa

Matarka za ta yi magana. Ta Ɗalha, Ummukulsum, ta yi. Ta ce, "Abban Khairiyya, mutanen nan fa ba kurata ba ne. Ka bar ni in tuƙa musu tuwo." Ya ce tuwo yana sa nauyin jiki.

Bappanka zai yi magana. Na yi, sau ɗaya. Ba na maimaita magana. Ya ƙame, ya ce, "An ji, Bappa." Wannan kalma ka riƙe ta. Tana rufe bakin tsoho ba tare da an yi abin da ya ce ba.

Mataki na shida: Ka tambayi baƙo ranar tafiya

Duk na baya share fage ne. Wannan shi ne aikin.

Alhaji Mati bai zo kasuwa biyun farko ba, ƙafa ta hana shi. Laraba ta uku sai ga shi, da buzunsa a hammata, ragowar mutanensa a baya. Labari ya riga ya kai masa, amma ya zo, saboda Cindo. Ya ga allo, ya wuce. Ya ga kwaɗo, ya wuce. Ya nemi inda zai zauna ya yi wa mamaci addu'a, babu tabarma, ya yi a tsaye.

Ɗalha ya ji daɗin zuwansa ƙwarai. Ya tanadar masa ɗaki shi kaɗai, da bokiti biyu. A ransa so yake ya san kwana nawa zai tsare masa ɗakin kada a ba wani, domin a wurinsu jirgi ba ya shiga tasha sai an san ranar fitarsa. Ya gyara murya.

"Baba Alhaji, yaushe za ka tashi?"

Sha'aibu ya sunkuyar da kai. Ni na dubi rufi.

Alhaji Mati ya ce, "Me ka ce, ɗan Cindo?"

"Ranar tafiyarka, Baba. Da lokaci, in da hali."

"Shekara talatin da ɗaya ina shiga ƙofar nan. Ubanka bai taɓa tambayata ba. Amma tunda kai mai son sani ne, yanzu."

Ya gyara buzunsa a hammata ya fita. Goman da suka rage suka bi shi. Suka tsallaka titi suka sauka a gindin darbejiya, kusa da inda manyan motoci suke lodi. Alhamis ta uku, gida ya yi tsit. Na cika alkawarina.

Mataki na bakwai: Kada ka je biko

Nan Ɗalha ya ɓata aikin, kuma nan nake ja maka kunne.

Ya wuni yana zagaya tsakar gida. Ya buga ƙararrawa ƙarfe ɗaya, ba wanda ya zo sai kaji. Ranar Juma'a da safe ya fito da fararen kayansa na aiki, har da hula da takalmi mai ƙyalli, ya tsallaka titi. Ya tsaya gaban Alhaji Mati ya ƙame ya sara masa.

Alhaji yana shan shayi. Ya ce, "Sha'aibu, wannan sandar wa ya kafa ta a nan?"

Ɗalha ya daɗe a tsaye. Can ya cire takalmi. Ya cire hula. Ya durƙusa da farin wandon nan a wurin da shanu ɗari suka kwana.

"Baba, na yi kuskure. Gidan ba nawa ba ne, naku ne. Ku dawo."

Alhaji Mati ya shanye shayinsa tukuna. Ya ce, "Tabarma."

"Za a shimfiɗa."

"Randa."

"Za a cika."

"Kifin nan kuma a kai wa masu teku." Ya miƙa wa Ɗalha buzun. "Ɗauki. Mu je."

Suka dawo, su talatin. Sati na zagayowa kowa ya sayar, ya hau mota, ya koma Dungas. Banda Alhaji Mati. Shanunsa sun ƙare tun ranar farko. Ba ya saye, ba ya sayarwa. Yana zaure, ƙafa a miƙe, Ummukulsum tana aiko da tuwo, yana ba masu wucewa labarin Cindo. Yau kwana ashirin da shida.

Kullum da safe Ɗalha yana zuwa gaishe shi. Ina kallonsa. Sai ya durƙusa, ya buɗe baki, tambayar ta taso har maƙogwaro, ya haɗiye ta.

Alhaji ya ce, "Ɗan Cindo, akwai magana ne?"

"Babu, Baba. Cewa na yi ko a ƙaro fura."

"A ƙaro."

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan gidansa ya mutu, shi ya so. Wanda ya bi shida ya karya na bakwai, baƙo ya dawo ya ƙi tafiya, kada ya zo wurina. Kada kuma a aiko ni in tambayi Alhaji Mati komai. Ɗalha ya gwada jiya, ya ce tunda ni sa'ansa ne. Na ce masa an ji.