Hanji-Waje Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da shago mai cike da warin narkakkiyar roba, mai kemis na bakin kwana yake sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar Hanji-Waje. Ya cika jiya da hantsi a kan kanta, tumbinsa na tafasa, hanjinsa na ɗiga a kan kwalin sirinji, jama'a na ture juna a bakin ƙofa. Wanda ya kashe shi yana nan da ransa, har ya ci abincin rana a gidan mai kemis, ya nemi ƙari.

Ga wanda bai san marigayin ba, mutum-mutumin roba ne, ba hannu ba ƙafa, cikinsa a buɗe, kowace gaɓa ana cire ta a mayar. Bai taɓa jin kunyar tsiraicinsa ba, domin aikinsa ke nan. In mai ƙwannafi ya shigo yana rantsuwa zuciyarsa ce ke ci da wuta, sai mai kemis ya bi maƙogwaron marigayi da yatsa har bakin tumbi, ya nuna masa inda ruwan tsami ke tasowa. A jikinsa masu gyambon ciki suka gane dalilin shan ƙwayarsu kafin karin kumallo, suka daina watsa maganin ciwon jiki a cikin da ba komai. A jikinsa iyaye mata suka ga yadda babban hanji ke tsotse ruwa, suka yarda mai gudawa ruwan gishiri da sukari yake fara buƙata, ba allura ba. Akwai direban da ya zo a duƙe yana neman maganin tsutsa, aka nuna masa 'yar wutsiyar hanjin nan ta ƙasan dama, wato afendis, aka kora shi asibiti. Yau yana tuƙi.

Marigayin ba mai surutu ba ne. In an buga ƙofa da ƙarfi hantarsa kan faɗo, ƙwal! In an mayar da tumbinsa ya ce ƙaras. Iyakar maganarsa ke nan a duniya.

Ajalinsa ya zo ne a hannun yayan matar mai kemis, mutumin da ya gwada sayar da takalma ya gaza, ya gwada kiwon kaji suka mutu, sai ya wayi gari yana kiran kansa Dokta. Ya haɗa wani ruwa mai kalar ƙasa da ya ce yana wanke ciki tun daga haƙori har ƙasa. Mai kemis ya hana shi ajiye ko kwalba ɗaya a shagon. To, jiya fita ta kama shi zuwa saro magani, matarsa ta ce, “Haba, baban yara, Yaya ne fa. Zama kawai zai yi maka a shagon.”

Zama! Kafin mai kemis ya kai bakin titi Yaya ya jera kwalabensa, ya manna wa kowacce takarda mai sunan shagon, ya tara jama'a. Ya buɗe tumbin marigayi gida biyu, ya cusa masa guntun kitse, ya ce a zo a ga yadda maiƙo ke narkewa. Abin da jama'a ba su sani ba, kwalbar nunin ya cika ta da tina, ruwan nan da masu fenti ke wanke burushi da shi. Kitse ya narke, aka yi tafi, aka fara saye. Sai tumbi ma ya narke. Marigayi ya ce shuuu, ƙananan hanji suka zubo kamar an kwance igiya.

Da mai kemis ya dawo ya tarar da gawa, ya ce, “Yaya, me ka ba shi?”

“Kai ma dai! Roba ce fa kake wa wannan kuka. Ai na sha daban, na nuni daban. Kwalba biyu kacal na sa wa tina.”

“Ina ta biyun?”

Yaya ya duba kanta, ya duba jaka, ya shafa aljihu. Kwalaben duk kamarsu ɗaya, kuma kowacce da sunan mai kemis a goshinta. Sai Dokta ya tuna yana jin yunwa.

Marigayin ya rasu ya bar hanta, da matsarmama, da rabin babban hanji, da abokan zamansa sikeli da na'urar awon jini. Ya bar mai kemis da ya yini yana bin gida-gida yana karɓo kwalabe, yana sunsuna kowacce kamar kare, bai kuwa ci karo da mai warin fenti ba. Ya kuma bar matar mai kemis, wadda har yanzu take cewa Yaya da kyakkyawar niyya ya yi.

An shirya jana'iza yau bayan an rufe shago. An kwantar da shi a kwalin ruwan ƙari, za a kai shi bola ta bayan layi. Ba a buƙatar ta'aziyyar Yaya, ko da baki ko ta waya.

Sai dai ana cikin ɗaure kwalin wata baƙar mota ta tsaya a bakin shago. Wani ƙato da ba wanda ya taɓa gani a layin ya sunkuyo ya shigo, ya dire kwalba a kan kanta. Saura rabi. Warin fenti ya bugi hancin mai kemis tun kafin a buɗe murfin.

“Sunan wa ke jikin wannan?” in ji ƙaton. “Maigidana yana gadon asibiti, kuma 'ya'yansa suna cikin mota.”

Saboda haka an ɗage jana'izar sai abin da hali ya yi. Masu zuwa ta'aziyya su biyo ta ƙofar baya.