Damin da na ɗaure da shuɗiyar igiya

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin godiyar kaka ta shekarar da tsuntsaye suka shiga gonata ba. Ko na so in manta, matata Saratu ba za ta bari ba.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, amma gonar da mahaifina ya bar mini tana ƙauyenmu, can wajen Kiyeshe. Majami'armu ta ƙauye ƙarama ce, kuma tana da al'ada: idan aka gama yankan hatsi, kowane gida ya kawo dami guda na godiya, a raba wa gwaurayen da ba su da mai yi musu noma. Ni dai kullum ajiye nawa nake yi, ana cewa amin in hau babur in koma gari. Ban taɓa tsayawa na ga yadda ake rabon ba.

A shekarar, tsuntsaye sun cinye gefen gonar, sauran kuwa ya yi kyau ƙwarai. Na cika rumbu, na tsaya ina kallonsa kamar ni na yi ruwan sama. Da na zo ɗaure damin godiya sai hannuna ya yi nauyi. Na ce a raina, ai dami daga waje ake ganinsa. Na tattaro zangarniyar da tsuntsaye suka tsotse, soshiya zalla, na zuba a tsakiya, na lulluɓe ta da manyan zangarniyoyi masu ƙyalli. Kowa da kaba yake ɗaure nasa. Ni ɗan birni, sai na ɗaure nawa da shuɗiyar igiyar roba da na sayo a kasuwa (don kada a kasa gane na Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal a wajenmu, ka ji wauta).

Saratu tana tsaye tana kallona. "Maigida, wa kake ruɗi?"

"Ke dai je ki shirya," na ce mata.

Damina ya fi na kowa girma a gaban majami'a. Ni aka ba karatun ranar, a kan mai arzikin da ya cika rumbunansa ya manta da ransa. Na karanta da muryar aji, har na ƙara da bayanin da ba a tambaye ni ba: mai bin Yesu ba ya riƙe abin duniya da hannu biyu, na Ubangiji ne, ajiya aka ba mu. Tsofaffi suna gyaɗa kai. Na ji daɗin kaina.

Ana tashi na nufi babur, sai Fasto ya riƙo hannuna. "Mushe, yau kai za ka yi muna addu'ar rabo."

A nan na fara ganin abin da kowane yaro a ƙauyen ya sani. Ba dami-dami ake bayarwa ba. Shimfiɗa tabarmi ake yi a inuwar gawo, a kwance kowane dami, a haɗe, a raba daidai. Gumi ya keto mini har cikin takalmi.

Baba Dauda, dattijon majami'a, shi ke kwancewa. Ya fara da wani ɗan ƙaramin dami na Inna Rahila, gwauruwar da rumbunta bai ko kai rabi ba, wadda da wannan rabon take kaiwa lokacin damina. Zangarniyar da ta ware don iri ce ta kawo, kowace cike taf. Sannan ya jawo nawa, ya ce, "Bari mu ga na manya." Ya kwance shuɗiyar igiya.

Soshiya ta zube a tabarma, ba nauyi, ba ƙara. Wata kaza ta zo ta duba, ta yi gaba abinta. Na dubi ƙasa ina roƙon ta tsage, ta ƙi. Abin da ya fi cin raina, tsakiyar damin nan tuwon Inna Rahila ne na hana ta, kuma tana zaune a gabana.

Ita ce ta yi magana. "Dauda, turo min wanga. Ina biɗar abin hura wuta, itace ya yi wuya bana. Mushe ya san halin da nike ciki." Ta tattare soshiyar a zanenta kamar wani abin kirki. Ba wanda ya yi dariya. Fasto ya ce in yi addu'a, na yi, amma har yau ban san abin da na faɗa ba.

Washegari na ɗauki amalanken jaki, na buɗe rumbun nan da nake ji da shi, na kai mata dammuna na gaske. Na durƙusa na ce, "Inna, ki gafarce ni. Kin rufa mini asiri."

"Tashi, ɗana. Ubanka ma ya taɓa rufa min nawa." Ta shiga ɗaki ta fito da igiyar a naɗe. "Ga abinka. Ita kaɗai ce tsuntsaye ba su taɓa ba."

Na gode wa Allah da ya tona ni a gaban mutanen da suka iya yafewa, na kuma gode wa tsohuwar nan har gobe. Igiyar tana nan, da ita nake ɗaure damin godiya kowace kaka, tunda dai kowa ya riga ya san ta. Na koyi cewa bayani a kan sakin abin duniya ba shi da wuya, buɗe ƙofar rumbu ne aikin. Saratu kuwa, duk da tubana, sai ta zura hannu tsakiyar damin kafin mu fita.