Tasalla Ungulu a Gaban Majalisar Dacewa

A wani daji da ke gefen wani babban tabki, mutuwar aure ta yi yawa har dabbobi suka kafa majalisa don ta gano abin da ke sa wani ya so wani. Aka naɗa Dila shugaba. Bayan dogon zama da ciye-ciye, majalisa ta yanke cewa so dole ya zo da dalili, kuma duk auren da aka kasa faɗin dalilinsa a raba shi tun bai mutu da kansa ba.

Wadda aka fara kira ita ce Tasalla, wata ungulu mai sanƙo da wuya kamar an fige, matar Jibo gauraka, wanda duk tabkin babu mai tukku irin nasa. Sun daɗe tare ba a taɓa jin kansu ba, kuma wannan ne ya fi damun jama'a. Ita ma Tasalla ta sha yi wa kanta tambayar abin da Jibo ya gani a tare da ita idan ta ga fuskarta a ruwa. Ba ta dai taɓa yi wa Jibo ba, don tsoron kada ya tsaya ya yi tunani.

Jimina, shugabar mata, ta fara magana. "Ranka ya daɗe, ni ba ni da komai da 'yar'uwata Tasalla. Amma kowa ya san namiji kyau yake bi. Inda aka ga so ba a ga kyau ba, to an shiga an fita. A bincike sheƙarta."

Hawainiya, wadda aka ɗauko a matsayin masaniya saboda yawan auren da ta yi, ta ce, "A iya bincikena, so kama yake bi. Ni kaina nakan koma launin duk wanda nake so. Waɗannan kuwa, shi fara yake ci, ita mushe. Ko dai ba ya son ta, ko kuma yana son ta bisa kuskure."

Dila ya juya ga mijin. "Malam Jibo, me ka gani?"

Jibo ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya sauya ɗayar. Tasalla ta sunkuyar da kai.

"Allah ya gafarta malam, ban sani ba," in ji shi. "Na dai san idan ta tashi sama tana shawagi, sai in manta kiwo nake yi. Kuma idan na yi shirme a cikin jama'a, ba ta dariya sai mun koma gida."

"Wannan ba ya cikin dalilan da muka amince da su," in ji Dila.

Tasalla ta ɗaga kai, nauyin da ta daɗe tana ɗauke da shi ya sauka. Ta tako tsakiyar fili ba tare da an ba ta izini ba.

"Ranka ya daɗe, sanƙona ba ɓoyayye ba ne, da shi ya gan ni. Abincina ma kun san shi, tun da ku ke barin sa a hanya ina kwashe muku. Yaya Jimina, sheƙata a buɗe take, sai dai tana can sama, ban san yadda za ki hau ba. Kuna son dalili ne don ku samu abin da za ku auna. In na ce kyansa ne, ku ce zai tsufa. In na ce kirkinsa ne, ku ce biyan alheri nake yi. To ba zan ba ku komai ba. Ba ku kuka haɗa ba, kuma ban ga da wane hannu za ku raba ba."

Dila ya yi gyaran murya, ya ce an hana su shan ruwan tabki har sai sun kawo dalili karɓaɓɓe.

Tasalla ta dubi mijinta, don ta san rayuwarsa a bakin ruwan nan take, a nan aka ƙyanƙyashe shi. Jibo ya buɗe fukafukai kawai. Suka koma wata 'yar fadama mai ƙafewa da rani. Jibo ya rame, tukkunsa ya dushe, wani lokaci har sukan yi faɗa kan wanda ya ja musu wannan wahala. Amma ba wanda ya koma gaban majalisa ya ba da haƙuri.

Majalisar kuwa har yanzu tana zama a kan batun, kuma ana yaba wa 'yan majalisar da ƙwazo, domin ba a taɓa ganin ɗayansu yana gaggawar komawa gida ba.