Ranar da aka karanta rubutuna a gaban Gwaggo Habi

Ba zan taɓa mantawa da ƙanshin sabuwar atamfar Gwaggo Habi ba, irin ƙanshin atamfar da ba ta taɓa shiga ruwa ba. Shi na yi ta shaƙa tun daga tashar Malumfashi har zauren taron jami'armu, don kafaɗa da kafaɗa muka zauna a mota. Ta ɗinka ta ne musamman saboda ranar da za a ba ni lambar yabo.

Gwaggo yayar babana ce, kuma ungozoma ce a Dayi. Ina shekarar ƙarshe a fannin jinya na zaɓi yin bincike a kan yadda ake kula da cibiyar jarirai a ƙauyukanmu. Ba don ita ba, da babu matar da za ta buɗe mini baki. Ita ke shiga gaba da sallama, ta ce, "'Yar ƙanena ce, karatu take yi, ku gaya mata gaskiya." Ni kuma ina biye da littafina. Ita ma na zaunar da ita na tambaye ta yadda ungozomomi ke yi, ta zayyana mini komai: reza ɗaya ta zaga gidaje, gashin cibiya da tsingaro mai zafi, man shanu, toka, har makilin. Na rubuta duka.

Sai ciwona ya motsa. (Tun ina ƙarama nake da son magana mai daɗi, har waƙoƙi nake rubutawa a bayan littafin lissafi.) Na tsara wata jimla a gabatarwa, kwana uku ina goge ta ina sakewa. Malamar da ke duba aikina ta ce, "Uwani, wannan ba bincike ba ne, waƙa ce. Cire ta." Na ce to, amma ban cire ba. A raina na ce ai da Turanci ne, wa zai karanta a Dayi?

Duk shekara jami'ar kan zaɓi rubutun binciken da ya fi kyau a cikin na ɗaliban fannin lafiya, a karrama mai shi. Da aka ce nawa ne, ni da kaina na roƙi Gwaggo ta zo, na kuma sa aka zaunar da ita a layin gaba.

Shugaban alƙalan da suka yi zaɓen, wani dattijon farfesa, ya duba ya ga iyaye sun cika zauren, sai ya ce bai dace a yi ta Turanci a kansu ba. Ya ce akwai wata jimla da ta taɓa zuciyarsa, bari ya faɗe ta da Hausa. Ya buɗe shafin.

"Hannun da ke karɓar jariri a ƙauye," in ji shi, "sau da yawa shi ne ke miƙa shi kabari."

Zaure ya ɗauki tafi. Kamar hakan bai isa ba, mai gabatarwa ya ce, "An ce ungozomar da ta taimaka wa wannan bincike tana nan. Hajiya, a daure a miƙe mu gan ki."

Gwaggo ta miƙe. Tun a gida take cewa yau sai guɗarta ta fasa kwanon zauren. Ba ta yi guɗar ba. Ta dubi hannuwanta, sannan ta cusa su cikin mayafi. Ni kuwa ina tsaye a dandamali, rungume da lambar yabo, ina wa mai hoto murmushi kamar wata mutuniyar kirki.

Sai da muka wuce Funtua ta yi magana.

"Ashe abin da kika rubuta ke nan, Uwani?"

"Gwaggo, wallahi ba ke nake nufi ba."

"To wa? Mu nawa ne a garin?" Ta gyara mayafinta. "Allah ya sa wa karatun albarka."

Ba ta ƙara tayar da zancen ba, ba ta kuma ƙara saka atamfar ba. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, irin "ba komai" ɗin da ya fi duka ciwo. Daga ranar na koyi cewa duk jimlar da ba zan iya faɗa da Hausa a gaban mai ita ba, to ba ta cancanci takarda ba, komai daɗinta.

Bayan shekaru, da Gwaggo ta rasu, muna kwashe kayan ɗakinta na ci karo da wani gwangwani cike da sababbin rezoji, kowace a cikin takardarta. Inna, mahaifiyata, ta ce ɗan farin Gwaggo ciwon cibiya ne ya kashe shi tun kafin ranar suna. Daga nan ba ta sake yanke wa jarirai biyu cibiya da reza ɗaya ba, kuma ko ana gorinta ba ta yarda a kai tsingaro jikin jaririn da ta karɓa.

"Har ke," in ji Inna. "Ita ta yanke miki."

Lokacin bincikena na tambayi Gwaggo yadda ungozomomi ke yi, ta faɗa mini. Ban taɓa tambayar ta yadda ita take yi ba.