Ranar da Na Bi Sawun Matata a Bas

Ko na tsufa ba zan manta da Asabar ɗin da na mai da kaina ɗan leƙen asiri ba. Laifin littattafai ne, tsofaffin labaran nan na Amurka masu jarumi mai bincike da hula da doguwar kwat, wanda ba ya dariya, ba ya yarda da kowa. Na tsince su a wani shago a Elm Street, a nan Amurka inda muke zaune, na riƙa karantawa lokacin hutu a wurin aikina a Wendover. A cikinsu, duk matar da ta fita da jaka ba ta faɗi inda za ta ba, to akwai magana.

Sai ga matata Rifkatu ta fara fita kowace Asabar da jaka. In na tambaya ta ce, "Yanzu zan dawo." Shekara tara ba ta taɓa yi min ƙarya ba, amma karatu ya riga ya hau min kai.

Na zura kwat (a tsakiyar zafin watan Yuli fa, jama'a!), na ja hula, na bi ta har tashar bas. Ta shiga motar Glenwood, na saje cikin mutane na wuce can baya, na rufe fuska da jarida.

Matsalar ita ce, jaruman littattafan nan ba a Kafanchan aka raine su kamar ni ba. A tasha ta biyu sai ga Baba Yohanna, dattijon cocinmu, da sandarsa. Allah ya sani ban yi shawara da ƙafafuna ba. Sai ganina na yi a gabansa, hula a hannu, na rusuna.

"Sannu Baba, ina wuni? Yaya ƙafar?"

Kunnen Baba ya yi nauyi, shi ya sa muryarsa ta cika motar. "A'a, mijin Rifkatu! Zazzaɓi kake yi da wannan kwat? Ai ga matarka can gaba!"

Rifkatu ta juyo, ta dube ni sama da ƙasa. Ta taso ta buɗe min jakar: acha, yakuwa da gauta. Ashe gidan wata dattijuwa take zuwa koyon gwate irin na mahaifiyata, wanda nake ta ambato tun rasuwarta.

"Baban Joy, ni kake bi?"

Ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi yi min ciwo. Sati biyu ina ba da haƙuri. Ranar da ta dafa gwaten na ci shi kaina a sunkuye, har da ƙwalla.

Har yanzu ina son littattafan. Amma na gane wanda aka koya wa gaida manya ba zai iya leƙen asiri ba, wanda kuma Allah ya ba Rifkatu ba shi da abin leƙawa.