Ranar da Na Shige Cikin Rigata a Tasha

Ba zan taɓa mantawa da waccan Talatar a tashar Arlit ba. Ko na so in manta, direbobi ba za su bar ni ba.

Da aka rufe ramin haƙar yuraniyom na Akokan, ni da ke aikin ordinatar a biro, wato kwamfuta a ofis, na wayi gari ba aiki. Maimakon in koma Maradi hannu rabbana, sai na haɗa wata manhaja ta waya: mai kaya ya nemi mota, direba ya sami lodi zuwa Agadas ko Tawa. Abin da ya rage shi ne sandikan direbobi, wato ƙungiyarsu, ya amince. In shugabansu, Alhaji Agali, ya ce a'a, to sai in naɗe tabarmata in bar gari.

Wata biyu na ɓata a kan shafin farko, wanda mutum ke fara gani in ya buɗe. Bango ruwan yashi, rubutu siriri ruwan zinariya, wurin latsawa ɗan mitsitsi can ƙasa (har yau ina nan kan bakana, shafin nan ya haɗu). A ɗakina na yi shi, labule a sake, fanka na kaɗawa.

Na fara nuna wa Yaya Hadiza, babbar yayata da ke sayar da abinci a tashar. Ta kai wayar kusa da hanci, ta mai da ta nesa.

"Kai, ina rubutun yake? Ni ban ga komai ba."

"Yaya, idonki ne. Ki nemi tabarau."

"To, injiniya. Allah ya ba da sa'a."

Na tafi ina cewa a raina, me mai tuwo ta sani a harkar zane?

Ranar Talata na zuba babbar riga (wai don a gan ni da mutunci). Alhaji ya ce a fili za a yi, gaban direbobi, bayan azahar. Rana kuwa ta take, irin wadda kwanon mota ke ƙona hannu. Na zuba jawabi har da Faransanci, sannan na miƙa masa wayar. Ya daɗe yana kallonta ta tsakanin rawaninsa.

"Ɗana, a kashe take?"

"A kunne take, Alhaji. Latsawa kawai za ka yi."

"Ina?"

Na karɓe da isa don in nuna masa. Wallahi ban ga komai ba sai fuskata tana tsiyayar gumi. Na ƙure haske, na kare da tafin hannu, na juya wa rana baya, duk a banza. Wani direba ya tausaya mini ya ce ko rezo ne, wato sabis ɗin waya. Da mai hankali ne ni, da na ce e. Amma ina, taurin kai ya motsa. Na ce rezo lafiya lau, ku jira. Sai na ɗaga babbar rigar na cusa kaina ciki, ni da wayar. A cikin duhun nan shafina ya fito tas, gwanin sha'awa. Daɗi ya kama ni, na ɗaga murya daga ciki: "Ga shi nan ya fito!"

Can na ji Alhaji a natse yana cewa, "To ɗaya bayan ɗaya za mu shigo, ko rigar za ta ɗauke mu duka?"

Tasha ta kece da dariya. Na fito ba hula, kunya kamar in nutse. Amma ban gudu ba. Na ce a ba ni mako guda.

"Direba ba ya aiki a inuwa, ɗana," in ji Alhaji. "In na gani a rana, mun karɓa."

Na sake shi ina ƙunƙuni: bango fari fat, baƙin rubutu manya-manya, wurin latsawa biyu, "Ina da kaya" da "Ina da mota". Mummuna, sai ka ce lambar kamiyon, babbar motar kaya. Alhaji ya gani a rana, sun karɓa, ban bar Arlit ba. Sai dai yanzu kowa a tasha Cikin-Riga yake kirana.

Su kira. Zanena na farkon ya fi kyau, kuma ba mai sa ni janyewa. Kawai dai na gane kyan da sai an shiga riga ake ganinsa ba ya ɗora tukunya.